Dogo da Ƙwayar Sha'ir Goma Sha Tara

Faɗan da muka yi da Dogo a kan buhun sha'ir ne, shekarar da muka fara hawa makiyayar Aksai ba tare da surukata ba. Na dawo daga tatsar goɗiya da bokiti a hannu, na tarar da shi durƙushe bayan ƙofar bukka, ya zura hannu cikin buhuna har gwiwa. Hannun nan baƙi ƙirin da darma da man bindiga. Na ajiye bokitin a hankali don kada nonon ya zube, na ɗauki ludayi, na sauke masa a ƙashin hannu.

"Haba Jenge," in ji shi, don haka ƙannen miji ke kiran matar wansu. "Ƙwaya goma sha tara ce fa kawai."

"Ko ɗaya ce. Abin da yara za su ci kake cusa wa wannan ƙazamin hannu? Jiya buhun gefen murhu, shekaranjiya wanda na soya, yau wannan. Ɓera na haifa ban sani ba?"

"Ɓera ba ya kawo miki fatar yin hula."

"Kai ma bana ba ka kawo ba."

Ya tsaya yana kallona. Ya buɗe hannu ya zubar da ƙwayoyin cikin buhu, ya sunkuya ya fita. Kwana huɗu bai sha shayina ba. Ban bi shi da ban haƙuri ba, don gaskiya na faɗa, sai dai na san inda ta same shi.

Autan gidansu ne. Matar gida ba ta kama sunan dangin miji, saboda haka ranar da aka kawo ni na dubi yaro ɗan shekara goma sha biyu, ƙafafu kamar sandunan bukka, na ce Dogo, sunan kuma ya zauna. Sunansa na yanka Esengul. Na faɗa sau ɗaya tun da ya riga mu gidan gaskiya, ba zan ƙara ba.

Tun yana ƙarami ba ya da amfani a bayan tumaki. A ba shi garke da safe, da yamma a tarar da shi kwance rubda ciki yana kallon ramin suwur, wata dabbar tsauni mai kama da ƙaton kurege, tumaki sun haura wani tsaunin. Mahaifinsu, wanda nake kira Tsoho, ya gaji da dukansa, ya ce to zo ka riƙe mini jakar harsashi. Daga nan aka gano abin da aka halicce shi don shi.

Bindigar Tsoho ta girmi 'ya'yansa duka. Bakinta siriri, ƙaramin yatsa ba ya shiga, harsashi ɗaya take ci. Daga Atbashi har Narin babu kantin da ke sayar da irin harsashinta, sai kwanson tagulla goma sha biyu da ake cikawa a harba, a tsince, a wanke, a sake cikawa. Albarushi da 'yar hular da ke tayar da wuta a gindin kwanso, ofishin sayen fata ke bayarwa. Darma kuwa a tsohon cokali ake narkawa a zuba a mazubin dutse. Ma'aunin albarushi tsinken itace ne da zare da marfin kwalba biyu. A marfi ɗaya Tsoho kan ƙirga ƙwayar sha'ir goma sha tara, a ɗayan ya zuba albarushi har tsinken ya daidaita. In ya gama cika kwansonsa sai ya fita ya watsa wa tsuntsaye ƙwayoyin. Ya ce wanda zai ɗauki rai ya fara ciyar da rai. Ba a ajiye sha'irin awo, ba a maimaita shi. Haka ya koya wa Dogo, haka Dogo ya riƙe, ko waƙafi bai canza ba.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da Tsoho kwanciyar ajali, kwanso ɗaya ya rage cikin waɗanda ya cika da hannunsa. Dogo ya ɗinke shi cikin fata ya rataya a wuya kamar laya. Da goma sha ɗayan da suka rage ya yi suna. Zomo, makwarwar dutse, dila in ta yi ganganci, amma suwur ne sana'arsa. Suwur ba ya nisa da raminsa. Zai zauna a bakin rami a kan ƙafafun baya, jiki duk kitse, yana fito, kansa bai fi dunƙulen hannu ba. In ba a kai aka same shi ba, ko cikinsa aka farke sai ya ja jiki ya faɗa rami ya mutu can ƙasa, ba fata, ba kitsen maganin tari, sai alhaki. Shekara bakwai Dogo na harbi daga taki ɗari, ba a taɓa jin rami ya yi wari a bayansa ba. Mai karɓar fata a ofis ba ya ma juya nasa, ya san ba zai ga huda a jiki ba.

Sai surukata ta rasu cikin hunturu. 'Yar gonarta ta bayan gida, wadda ita kaɗai ke shuka tsohon irin sha'irinta a ciki, kolhoz, wato gandun gama-kai na gwamnati, ya haɗe ta da filin ciyawa. Sha'ir ya koma zuwa daga sito, buhu bayan buhu, kowanne da inda ya fito.

A wannan bazarar bindiga ta juya wa Dogo baya. Yau harsashi ya tashi sama ya wuce kan suwur, gobe ya faɗi ƙasa ya fasa masa ciki. Wata rana ta harbe shi a kafaɗa kamar alfadari, kwanso ɗaya ya tsage, saura goma. Ya wanke bakin bindiga da ruwan zafi. Ya canza kwanciya. Ya tsaya kan tudu ya ƙirga dawakin da ke kiwo a tsaunin ƙetare, ya tambayi mai su, lissafi ya fito daidai, ke nan ido lafiya. Ya je wajen malam aka tofa masa. Duk da haka ramuka shida suka yi wari a kwarin, iska na kawo wa har bakin bukkoki.

Akwai ɗan ƙanin Tsoho, ina kiransa Jan Gemu, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan bindigar nan. Shi ya kai maganar gaban dattawa, suka zauna a bukkarmu, ni ina zuba shayi.

"Bindigar gida ce, ba ta mutum ɗaya ba," in ji Jan Gemu. "Idon yaron nan ya ƙare. Yana ɗaukar mana alhaki, mu kuma muna kallo."

Maigidana ya daɗe yana juya kofi. Ba ya son a taɓa ƙaninsa, amma shi ma hancinsa na aiki. Ya ce, "Juma'ar da za mu sauka daga makiyaya, kafin suwur su shiga barcinsu na hunturu. Harsashi uku, a gabanmu. Suwur uku a wajen rami. In ɗaya ya shige, bindiga ta koma hannun wanda zai iya."

"Na ji, Yaya," in ji Dogo, kansa a ƙasa.

Kwana tara suka rage. Washegarin wannan zama ne na sauke masa ludayi.

A rana ta huɗu ina suyar sha'ir don garin kunu. Kwano ɗaya na zuba a kasko, kwano ɗaya na kwashe, amma hannun da ya shekara goma sha biyar yana wannan aiki ya san ba nauyi ɗaya ba ne. Na tsaya da kwanon a hannu. Maganar da na yaɓa masa ta dawo mini: buhun gefen murhu, wanda na soya, wannan. Na zauna na buɗe buhunan uku na ɗebo kaɗan-kaɗan a cinya. Na gefen murhu ya bushe ƙayau. Na bayan ƙofa sabon iri ne, ƙwaya ɓul-ɓul kamar haƙorin ɗan maraƙi, ga danshin ƙasa ya sha. Na tuna na surukata, ƙanana, tsamurarru, shekara da shekaru a rumbu ɗaya.

Na ƙulle kowanne a gefen ɗankwali na tafi nemansa. Yana zaune a kan dutse bayan turken dawakai, bindiga a cinya, yana shafa ta kamar mai ban kwana da amarya.

"Kawo wannan abin wasan naka na awo," na ce.

"Jenge, ki bar ni."

"Zan bar ka in na gama. Kawo."

Ya miƙo. Na ƙirga goma sha tara daga na bayan ƙofa na zuba a marfi ɗaya, goma sha tara daga soyayye a ɗayan. Na ɗaga zaren. Marfin farko ya yi ƙasa kamar an sa masa tsakuwa.

Dogo ya zuba wa tsinken ido. Ya karɓa ya sake ƙirgawa da kansa, ya musanya marfin, ya gwada na murhu. Kowane awo da inda tsinken ya karkata.

"Goma sha tara ne duka," in ji shi a hankali.

"Tumaki goma sha tara na Jan Gemu da tumaki goma sha tara na yayanka, nama ɗaya za su ba ka? Shekara bakwai sha'irin mahaifiyarka ke yi maka saiti, kai kana karɓar yabo. Ba idonka ne ya ƙare ba, kanka ne bai taɓa farawa ba."

Ya yi dariya, ta farko a bazarar nan, sai kuma ta yanke. "To wanne ne daidai? Nata ya ƙare, ko ƙwaya babu."

Na nuna wuyansa.

Ya dafe layar da hannu biyu. "A'a."

"Awon Tsoho yana ciki, da sha'irinta aka auna shi. Albarushin ofis bai canza ba, gwangwani iri ɗaya nake gani tun zuwana gidan nan."

"Shi ke nan abin da ya bar mini da hannunsa."

"Ya bar maka bindiga, ranar Juma'a za ka miƙa wa Jan Gemu. Sai ka zauna kai da layarka kuna kallon juna. Tsoho don a harba ya cika shi, ba don ya sha gumin ƙirjinka ba."

Na tafi na bar shi, don namiji ba ya sauka daga maganarsa in mace na tsaye a kansa. Da hantsi washegari ya zo ya zauna a bakin bukka ya ce, "Jenge, akwai shayi?" Na zuba masa. Ya sha, ya ciro wuƙa ya farke ɗinkin fatar. Ya yi bisimilla ya cire darmar a hankali, ya juye albarushin a marfi, ko ƙwayar gari bai bari ta faɗi ba.

"Yanzu sai a nemi sha'irin da ya yi daidai da wannan," in ji shi.

"Ka ga irin kan da nake faɗa? Ka nemo, ya sha danshi gobe, mu koma gidan jiya. Abin da ba ya shan ruwa, ba ya bushewa, ɓera ba ya ci, shi za a sa."

Na buɗe akwati na ciro rigar da aka kawo ni da ita. Maɓallan azurfa shida ne a gabanta, na kakata ne. Na tsinke na ƙasa, mafi ƙanƙanta. Ya fi albarushin nauyi, sai muka ɗauko dutsen wasa lauje. Shi yana gogawa, ni ina ɗaga zare, a goga kaɗan a gwada, a goga kaɗan a gwada, tun hantsi har la'asar. Maigidana ya leƙo ya ga abin da muke yi wa azurfa ya ce, "Kun haukace ku biyun?"

"Je ka duba dawakinka," na ce.

Da tsinken ya tsaya cak, Dogo ya ƙi numfashi don kada ya motsa shi. Na ce masa tun da an fara a ƙarasa: curin cuku ma in na yi, wani ya fi wani, balle darmar da yake zubawa da cokali. Ya kawo harsasansa ya auna kowanne da wanda ya ciro daga kwanson Tsoho. Cikin talatin, tara ne suka yi daidai. Sauran ya mayar cokali.

Ya cika uku ya kafa ƙashin kafaɗar rago a taki ɗari, ya harbe su duka. Da ya ɗauko shi, gindin kofin shayi ya rufe hudar uku. Ya kawo mini ya ajiye a kan tabarmar cin abinci. Na ce ya ɗauke mini ƙashi daga wurin gurasa.

Ranar Juma'a gari ya waye da sanyi, ciyawa ta yi fari. An riga an kwance rabin bukkoki an ɗaure a kan dawakai. Dattawa biyar suka zauna a bayan wani tudu, Jan Gemu ya zo da sabuwar igiyar rataya bindiga da ya saƙa, yana wasa da ita a hannu don kowa ya gani. Mata ba sa zuwa kallon farauta. Ni na ce kashin shanu na fito tsinta, kuma babu wanda ya isa ya ce ba a tudun nan yake ba.

Kafin ya kwanta, Dogo ya zura hannu a aljihu ya watsa wa tsuntsaye sha'ir. Na san buhun da ya fito.

Suwur na farko bai ba da wahala ba. Ya fito yana shan hantsi, bindiga ta yi ƙara, ya kife a inda yake. Suka matsa wani kwarin. Na biyu yana cin ciyawa taki uku daga rami, ya ɗaga kai jin fiton ɗan'uwansa, bai sauke ba harsashi ya same shi.

"Sa'a ce," in ji Jan Gemu. "Makaho ma yakan taka kuɗi a hanya."

"Rufe mana baki," in ji wani dattijo.

Na uku ne ya ja rai. Ƙarar harbi biyu ta kora sauran suwur cikin ramukansu, iska kuma ta taso daga yamma. Dogo ya kwanta bayan dutse, gemu a ƙasa, bai motsa ba har inuwa ta gajarta. Dattawa suka fara miƙe ƙafa. Jan Gemu ya ce ko dai barci ya yi. Can sai wani tsohon suwur ya leƙo daga bayan tarin ƙasar raminsa, kai kaɗai, ido da kunne, jiki duk a ɓoye. Maigidana ya ce ƙasa-ƙasa, "Kada ka harba wannan, jira wani." Dogo bai ji ba, nisa ya yi yawa. Shi iska yake saurare a kuncinsa. Ya faɗa mini daga baya cewa a lokacin babu Jan Gemu a ransa, babu dattawa, abu ɗaya ya sani, abin da ke cikin kwanson nan daidai yake da na jiya, daidai da na mahaifinsa. Iska ta ɗan lafa, ya ja kunama.

Kan ya ɓace.

"Ya shige," in ji Jan Gemu, ya tashi da gudu, igiya na lilo a hannunsa, don ya riga kowa shaida. Muna kallonsa ya isa tarin ƙasar, ya zagaya bayansa, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye.

"Me ka gani?" maigidana ya ɗaga murya.

Jan Gemu ya sunkuya ya ɗago suwur ta ƙafar baya, ƙato, fata lafiya lau, huda ɗaya a gindin kunne. Shi da kansa ya ɗauko shi taki ɗari har gaban dattawa, don babu yadda zai yi ya ajiye. Babban cikinsu ya shafa fatar ya ce bindiga tana inda Allah ya ajiye ta, suka shafa addu'a. Dogo ya dubi igiyar hannun Jan Gemu ya ce, "Yaya, saƙar nan ta yi kyau. Tawa ta tsufa." Dariya ta hana Jan Gemu ƙi, ya miƙa masa.

Ni kuwa na koma da buhun kashin shanu babu komai a ciki.

Shekara talatin da uku ya ƙara yana harbi bayan wannan. Ya auri Sairagul, mace mai haƙuri, ta yarda da warin darma a cokalinta, suka haifi biyar. Babu yaron da ya tashi a zuriyar nan ba da hular fatar suwur ɗinsa ba, babu mai tarin da ya nemi kitse ya rasa. Bai taɓa harbin macen suwur da bazara ba, bai taɓa ɗaukar fiye da biyu a rami ɗaya ba. Maharba daga Narin masu sababbin bindigogi da madubi a kai sukan zo su ga yadda yake yi, ya fito musu da tsinke da marfin kwalba da maɓalli, su yi ta dariya har sai an kafa ƙashi. Da gwamnati ta watse, ofishin fata ya rufe, ya nemi albarushi a hannun 'yan kasuwa, kuma duk sabon gwangwani sai ya gwada shi a ƙashi kafin ya nuna wa mai rai. Kwanson nan goma sha ɗaya, har da na Tsoho, suka ragu zuwa huɗu. Sha'irin tsuntsaye kuwa bai taɓa ɗiba a gidansa ba, sai a buhuna, da wannan hannun, kuma ban taɓa fasa zaginsa ba.

Yana da shekara sittin ya kuskure zomo sau biyu a mako ɗaya. Wannan karon bai wanke bakin bindiga ba, bai je wajen malam ba. Ya san awo ba ya ƙarya. Ya naɗe bindigar ya hau doki ya kai wa ɗan Jan Gemu, wanda ya fi 'ya'yan Dogo natsuwa, ya ce ya zo gobe ya koyi cika kwanso.

Da irin ciwon ƙirjin mahaifinsa ya kama shi, ranar da za a kai shi asibitin Narin, ya sa aka tsayar da mota a ƙofata. Na fito da sandata. Ya rame har ƙafafun nan sun koma na ranar da na fara ganinsa. Ya miƙo hannu ta taga, maɓallin na tafinsa, gefe ɗaya a goge sumul.

"Jenge, ga ajiyarki. Ki mayar a riga."

"Rigar da ta daina shiga jikina tun kafin a haifi direban nan? Ka ba yaron da ka ba bindiga, in ba so kake shi ma ya dawo yana yi mini ɓarna a buhu ba."

Ya yi murmushi ya rufe hannu. "To tsuntsayen fa? Sun saba."

Na ce, "Tafi abinka, Dogo. Zan watsa musu, goma sha tara, ba ƙari. Su ma yau za su san ɗanɗanon sha'irin da aka ɗiba da wankakken hannu."